Matambayi Ba Ya Ɓata: Ƙura Ce Ke Jawo Sanƙarau, Ko Hanya Take Share Masa?

Wasiƙun wannan karo sun taru a kan gaɓa ɗaya. Yaya ake faɗa da Hausa cewa wani abu ya matsar da mutum kusa da wata cuta, ko ya sa zuciyarsa ta karkata ga wani hali, ba tare da an ɗora wa abin laifin kawo cutar ko halin ba? Masu tambayar daga Damagaram (Zinder) suke da garuruwan da ke kewaye da ita, kuma galibinsu aikinsu ne su karanta takarda da Faransanci su faɗa wa jama'a da Hausa. Tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar a 2025, wannan aiki ya cancanci a zauna a tsefe shi dalla-dalla.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ungozoma ce a ƙasar Mirya, kuma duk ranar awo nakan yi wa mata bayani. A takardun da ake ba mu akwai kalmar "prédisposer" da ke yawan fitowa, wajen maganar ciki da masassarar cizon sauro, ko tamowa da ƙyanda. Ni "jawo" nake cewa. Daidai ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama, sannu da ƙoƙari. "Jawo" ta yi nauyi a nan, kuma nauyin nata yana da illa. Idan kika ce "ciki yana jawo masassara", abin da mace za ta koma gida da shi shi ne cikin ne tushen ciwon, don haka sai haƙuri har Allah ya sauke ta lafiya. Alhali sauro ne ke ɗauko ƙwayar cutar ya zuba ta a jini. Abin da ciki ke yi shi ne rage wa jiki ƙarfin kare kansa, musamman a cikin fari da na biyu. Wadda ta gane haka ita ce za ta kwana cikin sange, wato gidan sauro, ta kuma sha maganin rigakafin da ake bayarwa wurin awo tun daga shiga wata na huɗu.

"Jawo", da ƴar'uwarta "janyo", da "haddasa", "haifar da" da "kawo", duk aikatau ne na sababi: suna nuna abin da ya samar da abu kai tsaye. "Haddasa" ma mugun abu kaɗai take ɗauka, gobara ko rikici ko annoba. Ba a cewa an haddasa zaman lafiya. Ita kuwa ma'anar da kike nema ba ta da aikatau guda ɗaya tilo a Hausa, kuma babu buƙatar a ƙago mata. Da jimla ake gina ta, ginshiƙinta kuwa shi ne "sa". Tsarin: abin da ke shirya jiki, sai "sa", sai mutum, sai "saurin kamuwa da", sai cutar.

"Ciki yana sa mace saurin kamuwa da masassarar cizon sauro."
"Tamowa tana sa yaro saurin kamuwa da zawo da ciwon huhu."

Kina iya warware ta kaɗan: "Tamowa takan sa yaro ya yi saurin kamuwa da zawo", ko "ya zama mai saurin kamuwa". "Sanya" na iya zama a gurbin "sa" a duk waɗannan. Idan kika janye mutumin zuwa gaba ko kika bar shi, a lokaci mai ci sai "sa" ta zama "sawa": "Abin da tamowa ke sawa ke nan."

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne jimlar da ke bin "sa", domin lokacin da kika zaɓa mata shi ke nuna ko abin ya auku ko kuwa hanyarsa ce kawai ta buɗe. Da jam'i aka fi ganin bambancin:

"Tamowa ta sa yara sun kamu da zawo." An gama, sun kamu, kin ba da labarin abin da ya faru.
"Tamowa tana sa yara suna kamuwa da zawo." Abin yana faruwa yanzu haka, ana gani.
"Tamowa tana sa yara su yi saurin kamuwa da zawo." Wannan ce taki. Ba ki ce wani ya kamu ba, kin ce ƙofa a buɗe take.

Da tilo kuwa, "ya kamu" na shuɗaɗɗen lokaci da "ya kamu" na umartau rubutunsu ɗaya ne; a baki ne suke rabuwa, na farko da dogon wasali da murya sama, na biyu gajere da murya ƙasa. Saboda haka idan rubutu za ki yi don wata ta karanta a gaban mata, ki yi amfani da jam'i, "sun" da "su" ba sa rikita kowa.

Sai "kamuwa". A Hausa cuta ce ke kama mutum, shi kuma mutum ya kamu da ita. "Saurin kama cuta" ya juya aikin kai ƙasa, kuma "da" ɗin nan ba ta faɗuwa: "kamuwa da zawo". Akwai "ɗauka", amma ta cututtukan da ke yaɗuwa ce daga wani zuwa wani. Ana ɗaukar tarin fuka, ana ɗaukar ƙyanda. Ba a ɗaukar hawan jini.

Ƙyandar da kika ambata tana da nata zancen dabam. Ita ba ta zaɓe. Yaron da ba a yi wa rigakafi ba, ƙosasshe ne ko ramamme, in ya kusanci mai ita da wuya ya kuɓuta. Aikin tamowa a nan shi ne sa cutar ta yi tsanani. Don haka jimlar gaskiya ita ce "Tamowa tana sa ƙyanda ta yi wa yaro mugun kamu." Kafin ki juya kowace jimla, ki tambayi kanki: saurin kamuwa ake nufi, ko tsananin ciwo bayan an kamu? Faransancin yakan dunƙule su, Hausa tana ba ki damar rabewa, ki rabe.

In kina son maganar ta zauna a kunne, Hausa tana da hotuna biyu da suka dace sosai: "buɗe ƙofa" da "share hanya". Sai dai ki lura da wanda ake yi wa. Cutar ake buɗe wa ƙofa, ba yaron ba: "Tamowa tana buɗe wa zawo ƙofa a jikin yaro." Tsofaffinmu sun riga sun faɗi wannan ma'ana da suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagewa ba ta haifi ƙadangare ba, wuri ta ba shi. Matan da ke zaune gabanki sun san wannan karin magana, kuma a ganinmu babu bayanin da ya fi shi saurin isar da saƙon.

TAMBAYA: Malamai, ni mai juya labarai ne a wani gidan rediyo mai zaman kansa a nan Damagaram. Lokacin hunturu muna karanta sanarwa kan sanƙarau. Abokan aikina sun rabu biyu: wasu na cewa "ƙura na kawo sanƙarau", wasu "ƙura na sa sauƙin kamuwa da sanƙarau". Wanne ya fi?

AMSA: Malam, ta biyun ta fi kusa da gaskiya, amma kalma ɗaya a cikinta tana buƙatar canji.

Mu fara da ta farko. Sanƙarau ɗin da ke zuwa da annoba a ƙasashenmu ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda ke zama a maƙogwaro da bayan hanci, ta bi tari da atishawa da cunkoson kwana daga wani zuwa wani. Busasshiyar iska da ƙura, daga wajen Disamba har zuwa faɗuwar ruwa a Yuni, suna busar da fatar cikin hanci da maƙogwaro su raunana ta, sai ƙwayar ta samu hanyar shiga jini. Wanda ya ji "ƙura na kawo sanƙarau" zai naɗa rawani ya rufe hanci ya ɗauka ya gama. Ba zai ga dalilin zuwa rigakafi ba, ba zai ga laifin mutum goma a ɗaki ɗaya ba tagogi ba. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu: Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 an samu mutum 559 da suka kamu a jihar Zinder, 18 suka rasu, kuma 342 daga cikin waɗanda suka kamu a Dungas suke. Mutanen da ke sauraronku sun ga wannan da idonsu.

Kalmar da za a canza ita ce "sauƙi". A nahawu ba ta da aibi. "Sauƙin kamuwa" Hausa ce. Amma ku tuna inda kunnen Bahaushe ya saba jin "sauƙi" kusa da sunan cuta: "ya samu sauƙi", "da sauƙi", "Allah ya ƙara sauƙi". Mai sauraro yana kan babur ko yana ciniki a kasuwar Dole, rabin hankalinsa ne a wurinku. Ya ji "ƙura", ya ji "sauƙi", ya ji "sanƙarau", abin da zai haɗa ba lalle ya zama abin da kuka faɗa ba. A takarda mai karatu yana iya komawa baya, a rediyo magana in ta wuce ta wuce. Ku ce "sauri". Ga yadda za mu tsara sanarwar:

"Ƙura da busasshiyar iska suna sa mutum saurin kamuwa da sanƙarau, domin suna share wa ƙwayar cutar hanya ta hanci da maƙogwaro. Ita ƙwayar daga mutum take zuwa mutum."

Jimla ta biyun kada ku yar da ita don gajarta lokaci. Duk inda kuka ambaci mai share hanya, ku ambaci mai shigowa a jimlar da ke biye, in ba haka ba mai sauraro zai mayar da "sa saurin kamuwa" ta koma "jawo" a cikin kansa.

Akwai kuma "taimakawa" da muke ji a wasu sanarwoyi: "ƙura tana taimaka wa sanƙarau". Taimako a Hausa abin alheri ne da ake yi wa mai buƙata. In dole sai an yi amfani da ita, a ce "tana taimakawa wajen yaɗuwar cutar". Amma "share hanya" ta fi ta zama daram.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou. Na ga kamar "karkatar da" ita ce ta fi dacewa da wannan ma'ana. Ina son ƙa'idojin amfani da ita, don wani lokaci ina rasa inda zan sa "da".

AMSA: Ƴarmu, kin kama rabin gaskiya. "Karkatar da" ita ce ta zuciya da hankali da ra'ayi. Jiki ba ya karkata ga cuta, don haka "ƙiba tana karkatar da mutum ga ciwon suga" ba Hausa ba ce, ko da kowace kalma a ciki ta Hausa ce. Amma "zama da kakansa ya karkatar da zuciyarsa ga noma" ta zauna daidai.

Ki fara duba dangin kalmar, domin ƙarshen aikatau shi ke ɗauke da ma'ana. F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, kuma wannan saiwa tana fitowa a biyar daga ciki. "Ya karkata hula": shi ya yi wa hular, aji na 1. "Zuciyarsa ta karkata ga noma": ita da kanta ta yi, aji na 3. "Kaya sun karkace a bayan jaki": sun kauce wa daidai, an samu matsala, aji na 4. "Ra'ayin dattawa ya karkato wajenmu": ya nufo inda mai magana yake, aji na 6. Sai "karkatar da", aji na 5, wanda ke nuna wani ya sa abu ya bar inda yake ya nufi wani wuri. ("Kamu" da muka yi magana a kanta a sama, aji na 7 ce ta "kama".) Kada ki haɗa "karkata" da "karkace". A ce yarinya ta karkata ga karatun likita yabo ne. A ce ta karkace, an ce tarbiyyarta ta lalace.

Ga ƙa'idar "da". Tana zuwa ne idan karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa, yana biye nan take: "ya karkatar da yaron". Idan wakilin suna ne, mai zaman kansa ake sawa: da ni, da kai, da ke, da shi, da ita, da mu, da ku, da su. "Ya karkatar da ta" kuskure ne, "da ita" ake cewa. Idan an kai karɓau gaban jimla, "da" ta faɗi: "Zuciyarsa ce aka karkatar." A lokaci mai ci, in karɓau na biye, aikatau ba ya canzawa: "suna karkatar da yara". In ba ya biye, sai a ƙara "wa": "yaran da suke karkatarwa". Kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibai shi ne haɗa biyun, "suna karkatarwa da yara". Ɗaya ake ɗauka, ko "wa" ko "da". Idan kuma akwai wanda aka yi wa, shi ke shiga tsakani, "da" ta koma bayansa: "ya karkatar mini da ɗa", "sun karkatar wa yarinyar da hankali". Duk aikatau na wannan aji haka suke tafiya: sayar, koyar, kwaɗaitar, fitar.

A baki za ki ji "karkatad da", domin "r" takan narke cikin "d", kuma a wasu kare-karen harshe har "karkatas" ake ji. Duk Hausa ce. A rubutu na daidaitacciyar Hausa dai "r" ake sawa.

Abin da ya fi "da" muhimmanci a wurinmu shi ne alkibla. Wannan aikatau kamar akalar raƙumi take, dole a faɗi inda aka ja ta. "Ga", "zuwa ga" da "wajen" suna nuna inda aka nufa. "Daga" tana nuna abin da aka baro. Gaban wakilin suna "ga" takan zama "gare": "ga karatu", amma "gare shi". In kika bar ta ba alkibla, mai karatu zai ɗauke ta da mummunar ma'ana, domin haka aka saba jin ta a labarai: an karkatar da kuɗi, an karkatar da kayan agaji, an karkatar da magana. "Malamin ya karkatar da hankalin ɗalibai" zargi ne. Ƙara mata "zuwa ga lissafi", ta zama shaidar kirki.

TAMBAYA: Ni dattijo ne, baduku, a unguwar Birni. Ina son in aika wa malamin ƴata takardar godiya, don shi ya sa ta son karatu. Na ce a rubuta "ka zuga ta ta yi karatu", sai ɗana ya ce ba a faɗin haka. Ku raba mu.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma. Ɗanka ya yi gaskiya, kuma jimlar da ta dace ka riga ka faɗe ta a cikin tambayarka: "shi ya sa ta son karatu".

"Zuga" daga maƙera take, inda ake zuga wuta da zugazugi har ƙarfe ya yi ja. Idan aka yi wa mutum, ana nufin an hura shi har ya aikata abin da da hankalinsa kwance ba zai yi ba. "Ingiza" turi ne daga baya, kuma ka san ingiza mai kantu ruwa: wanda ya ɗauko kantun gishirin Bilma aka tura shi cikin ruwa, shi ke da asara, mai turin ya koma gefe. "Tunzura" ta fushi ce. "Hure kunne" a ɓoye ake yi, don a raba mutum da na gaba da shi. Dukkansu suna da mai yi da gangan, suna kuma neman aiki nan take. Abin da malamin ya yi kuwa a hankali ya yi shi, shekara da shekaru, har zuciyar yarinyar ta nufi karatu da kanta.

Ga waɗanda za ka zaɓa daga ciki. "Ka sa mata son karatu." "Ka kwaɗaita mata karatu." "Ka cusa mata son karatu." A "kwaɗaita", abin da ake so shi ke zuwa kai tsaye, mutum kuma ya zo da "wa" ko "ma": kwaɗaita wa yarinya karatu, ko kwaɗaita ma yarinya, yadda bakin mutane da yawa ya fi sabawa. In aka ce "kwaɗaitar", sai tsarin ya juya: "ka kwaɗaitar da ita ga karatu". "Cusa" kuwa tana son a bi ta da abin da ke zama a zuciya, so ko ƙi ko tsoro ko ra'ayi. In aka cire "son" aka ce "ka cusa mata karatu", ya zama ɗura, kamar an danna mata shi ba da sonta ba. "Ƙarfafa gwiwa" ma kyakkyawa ce, sai dai ta wanda ya riga ya kama hanya ce; in tun can tana son karatun, shi kuma ya riƙe ta, to ita ce ta dace.

Akwai kuma karkatar da ba wanda ya yi niyyarta, irin ta zama da maɗaukin kanwa da ke kawo farin kai. A nan "rinjaya" ake so: "halin abokai ya rinjayi yaron", "ya rinjaye shi". Amma ba ta wasiƙar godiya ba ce.

TAMBAYA: Mahaifiyata da yayarta duka suna da ciwon suga. An ce mini a likita wai "gado ne". Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Shin "gado" na nufin babu makawa? Daga wata Hajiya a unguwar Zango.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba su lafiya, ya kwantar miki da hankali. Kalmar "gado" ce aka ɗora wa kaya biyu, kuma ba nauyinsu ɗaya ba.

Akwai cutar da ita kanta ake gada. Amosanin jini, wato sikila, ita ce misali. In uba AS ne uwa ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da irin cutar a jini amma ba shi da ita, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS, kashi 50 AS, kashi 25 AA. Kowane ciki lissafinsa dabam. Ba wai in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai zai zo da ita ba. Wanda ya zo da SS, da cutar aka haife shi. A nan "ya gaji cutar" daidai ne.

Ciwon suga irin wanda ya fi kama manya ba haka yake ba. Abin da ake gada shi ne kusanci da shi. Wadda iyayenta ke da shi ta fi wadda babu shi a danginsu zama cikin haɗari, sannan ƙiba, rashin motsa jiki da yawan shekaru su ƙara a kai. Akwai masu shi a dangi da ba su taɓa kamuwa ba. Da mu ne za mu faɗa miki, cewa za mu yi: "Samun ciwon suga a dangi yana ƙara miki haɗarin kamuwa da shi." Wannan jimla ta bar miki abin yi: gwajin jini lokaci-lokaci, kula da nauyin jiki, tafiya da ƙafa, rage zaƙi.

Masu juya magana su lura cewa a nan mun bar "sauri" mun ɗauki "haɗari". Ga cutar da ke ɗaukar shekaru kafin ta bayyana, "saurin kamuwa" na iya sa a zaci gobe ko jibi ne. "Ƙara wa mutum haɗarin kamuwa da" ita ta fi dacewa da suga, hawan jini da ciwon daji. Kuma idan Faransanci ya kawo jimlar ba tare da mai aikatawa ba, kada a ce "an shirya ta ga ciwon suga" ko "an karkatar da ita". Mai ji zai tambaya wa ya yi mata, har zargin sammu ya shigo. A ce "tana cikin waɗanda suka fi haɗarin kamuwa". Ita ma "a jininsu yake" a guje mata, domin tana rufe ƙofar magani kafin a ƙwanƙwasa.

TAMBAYA: "Raunata garkuwar jiki" ko "raunana garkuwar jiki"? Daga wani malamin makaranta a Matamaye.

AMSA: "Raunana", Malam. "Rauni" na nufin ciwo na sara ko faɗuwa, yana kuma nufin rashin ƙarfi, shi ya sa ake ruɗewa. A Hausar yau "raunata" ta ji wa mutum ciwo ce: haɗarin mota ya raunata mutum uku. "Raunana" ta rage ƙarfi ce: "Ƙanjamau yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa mai shi ke saurin kamuwa da tarin fuka."

TAMBAYA: To kishiyar wannan fa? In abu yana nisanta mutum da cuta, "hana" za a ce? Daga mai wayar da kan jama'a a Magarya.

AMSA: Tarkon "jawo" ne ya dawo ta ɗaya gefen, ɗan'uwa. "Hana" yankewa ce gaba ɗaya. In ka ce wa uwa "wannan magani yana hana masassara", ranar da yaron ya yi zazzaɓi za ta ce an yi mata ƙarya, kuma zagaye na gaba ba za ta buɗe maka ƙofa ba. Kishiyar "ƙara haɗari" ita ce "rage haɗari". Haka za ka faɗa game da maganin da ake raba wa yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata a lokacin damina, haka game da sange. Haka ma jinin AS: yana rage haɗarin masassara mai tsanani, amma mai AS yana kamuwa, kuma yana buƙatar magani kamar kowa.

"Kare" tana tsakiya, kuma tana tafiya da "daga": "kare yaro daga masassara". "Hana" ba ta son "daga". Mutum take ɗauka, sai aikin ya biyo: "hana sauro cizon yaro". Wannan kuwa gaskiya ce da za ka iya faɗa ba fargaba, muddin sangen ba shi da huda kuma an cusa bakinsa ƙarƙashin tabarma ko katifa. Sai ka haɗa su a ƙofar gida: "Sange yana hana sauro cizon yaro da dare, maganin nan kuma yana rage masa haɗarin masassara. In duk da haka jikinsa ya yi zafi, a kai shi likita a ranar."